A Duba Haƙori Tun Bai Fara Ciwo Ba

'Yan'uwa manoma, duk mai kiwon kaji ya san dabarar nan. A shiga ɗaki mai duhu, a kara ƙwai a bakin tocila, haske ya ratsa shi, nan take a gane mai ɗa da baragurbi ba tare da an fasa ba. To, likitocin haƙori ma yanzu suna da irin wannan dabara, kuma muna ganin ya kamata ƙungiyoyinmu su san da ita.

Ruɓewar haƙori takan soma ne a inda ido ba ya kaiwa, wato a matsatsin da ke tsakanin turame biyu. Ba tsutsa ba ce, kamar yadda akan faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke cin ragowar sukari, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zaizaye farin ɓawon haƙori. Aswaki yana da kyau, mu ma da shi muka tashi, amma ba ya shiga wannan lungu. Kuma a wannan lokaci babu ciwo ko kaɗan. Ran da ciwo ya zo, rami ya riga ya yi zurfi.

Tun da Bajamushen nan Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, hoton ƙashi shi ne hanyar leƙa wannan wuri. Har gobe kuwa yana da aikinsa. Shi ne ke nuna saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, da ko ruɓa ta kusa kai ga jijiya. Kada kowa ya ji tsoronsa, ƙarfin hasken da ake ɗaukar haƙori da shi kaɗan ne ƙwarai. Aibinsa biyu ne a gare mu. Sai ɓawon haƙori ya zaizaye sosai kafin tabon ya fito a hoto. Sa'an nan yawancinmu sai mun biya kuɗin mota zuwa Sakkwato kafin mu same shi.

A 2012 wani kamfanin Jamus mai suna KaVo ya fito da na'urar DIAGNOcam. Ana kama haƙori da ita, ta haska shi daga gefe, lafiyayyen wuri ya yi fes, wurin da ya fara lalacewa ya yi duhu. Ba eksire a cikinta, saboda haka ana iya duba yara da mata masu ciki sau da yawa. Da ƙaramar kwamfuta take aiki, abin da batirin sola zai iya ɗauka. Amma ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin dasashi, kuma likitan da ya ga duhu mai yawa dole ya ce a je a ɗauki hoto.

Ra'ayinmu shi ne, haske ya zo ƙauye ya tace, hoto ya tsaya a birni ya tabbatar. Wani zai ce, mutumin da bai gama biyan kuɗin taki ba, ina shi ina duba haƙorin da ba ya ciwo? Maganarsa tana kan hanya. Sai dai mu tuna, ruɓar da ba ta huda ɓawo ba ana iya tsayar da ita da makilin mai fuloraid, da zaren sakace, da rage sukarin shayi da alewar yara. Wadda ta yi rami kuwa sai ciko ko cirewa. Mun sha ganin magidanci kwance da kumburarren kunci ana tsakiyar noman farko, ga kuɗin ƙwadago, ga na magani. Wani kuma ya kai bakinsa ga mai cire haƙori a kasuwa, ya dawo da guntun saiwa a ciki.

Ba mu ce ƙungiya ta sayi na'ura ba, ta fi ƙarfin asusunmu, kuma sai a hannun gwani take da amfani. Abin da muke roƙo shi ne ƙungiyoyin Lambara da Boɗinga da Shagari su haɗa kai, su rubuta wa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su nemi a turo ma'aikaci sau ɗaya a shekara, bayan kaka. Mu ɗauki nauyin motarsa da abincinsa. In ya zo da na'urar haske, madalla. In madubi da fitila kaɗai ya kawo, a karɓe shi, a fara jera masa yara 'yan shekara 6 zuwa 12, waɗanda haƙoransu na dindindin ke fitowa. Sakatarori su sa wannan magana cikin ajandar taron wata mai zuwa.