Jikokin Fatake Da Tsoron Dutse

Hunturu ya kama. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙasar Rai Buba da Garwa takan sami sararin da ba ta samu a sauran shekara: ciyawa ta bushe, rafuka sun janye, zafin Maris da Afrilu mai haura digiri 40 bai iso ba tukuna. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da hawan dutse. Amma mu Hausawan wannan yanki muna dunƙule cikin mayafi a bencin mai shayi, in muka ga wani ya ɗaure takalmi ya nufi dutse, ko ya fita sassarfa da asuba, sai mu ce ya rasa aikin yi, ko ya kwaso ɗabi'ar Nasara. Wannan magana jahiltar tarihi ce, kuma tana cin lafiyarmu.

Ya kai mai wannan ba'a, me ya kawo kakanka Kamaru? Ƙafa ce ta kawo shi. Fatake sun taso daga Kano da Katsina, madugu a gaba, jakuna a baya, suka ratso Yola, suka sauka Garwa, suka haura tsaunin da ke kai mutum Ngaundere, wasu har Tibati da Banyo, suna neman goro da hauren giwa. Alhazan dauri sun keta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekaru suka yi a hanya. Kano kanta a gindin Dala ta tsiro, Zazzau kuma tana da Kufena. Mutanen da asalinsu ke jingine da dutse da doguwar tafiya, su ne yau ke tare ɗan acaɓa domin zuwa shagon da ake hange daga ƙofar gida.

Abin takaici, duwatsun suna kewaye da mu. Ga Tingelin a arewacin Garwa, ga dutsen da ke kallon garin Cholire. Ga Hosere Vokre kusa da Poli, mai tsawon mita 2,049, ga jerin duwatsun Alantika a kan iyakarmu da Nijeriya, ga Chabbal Mbabo a Adamawa mai mita 2,460. Mutum nawa daga cikinmu suka taka ko ɗaya? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A Sikotilan, wani mutum mai suna Hugh Munro ya wallafa jerin duwatsun ƙasarsu da suka kai ƙafa 3,000 a shekarar 1891. Yau an tsayar da adadinsu a 282, kuma mutane na shafe shekaru suna hawansu ɗaya bayan ɗaya, har cikin ƙanƙara. Kada ma mu je nesa. A Buya, tun 1973 ake tseren hawa Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, a je ƙololuwa a dawo da gudu. Sarah Etonge, uwa mai 'ya'ya bakwai, ta lashe shi sau bakwai. 'Yar ƙasarmu ce, ba Baturiya ba. To, ina Nasarancin yake?

Za a ce akwai rashin tsaro. Gaskiya ne, masu garkuwa da mutane sun addabi wasu sassan Mayo Rai, kuma wauta ce a shiga dajin da mutanen wurin suka ce kada a shiga. Sai dai wannan hujja ce ta zaɓen wuri, da tafiya a ayari, da sanar da hukuma. Ba ta hana mutum taka tudun bayan gari ba. Za a ce kuma akwai aljanu. Mata da yara na zaune a kan waɗannan duwatsu, suna noma, suna hawa da tulu a ka kullum.

A nan ne ma nake raba gari da masu hawa domin ƙirge da ɗaukar hoto kawai. Duwatsun nan na da masu su. Koma na Alantika, Dowayo na ƙasar Poli, kuma da yawa daga kakannin mazauna tsaunuka sun fake a can ne saboda hare-haren neman bayi. Mu da muke tsiraru a ƙasar nan mun fi kowa sanin darajar baƙunta. A yi sallama ga mai gari, a ɗauki ja-gora ɗan wurin a biya shi haƙƙinsa, a kauce wa inda suke girmamawa, kada a bar leda ko a tayar da gobara. Wanda ya hau dutse goma bai koyi gaisuwa ɗaya da harshen masu shi ba, ƙafarsa kawai ta je.

Sai uzuri na ƙarshe, wanda ya fi ban tausayi: "Tun da na karye na daina." Mai ɗori ko likita yakan haɗa ƙashi, amma tsokar da ta yi makonni ba ta motsi takan shanye, kuma aiki kaɗai ke maido da ita. Mu kuwa sai mu zaunar da mai jinya da sunan tausayi, har ƙiba da hawan jini da ciwon suga su sallama masa. Bayan likita ya ba da izini, a fara da tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sannan a riƙa cakuɗa tafiya da ɗan sassarfa, ana barin ranakun hutu a tsakani. In zafi ya ƙaru ko wurin ya kumbura, a dakata a koma asibiti. A tuna cewa gangarowa ta fi hawa wahalar da gwiwa, saboda haka a riƙe sanda. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina kira ga samarin unguwanninmu na Garwa, Cholire da Rai Buba: kafin zafi ya shigo, ku haɗa ayari, ku zaɓi madugu, ku ɗauki ruwa da rigar sanyi, ku fita bayan sallar asuba ku hau dutse mafi kusa. Ku rubuta sunansa kamar yadda masu shi ke kiransa, baɗi ku ƙara wani. Dattawa kuma, in ba za ku raka su ba, ku sa musu albarka, ku bar yi musu dariya.