Hannun da ba a gani a cikin faifai

Matafiyin da ya hau motar ƴan kasuwa daga Dakwaro zuwa Tagris ba zai rasa jin amon jita daga salular wani yaron mota ba. In ya kasa kunne da kyau, yana iya jin mawaƙi guda cikin kama biyu: a waƙar farko muryarsa siririya ce, tana rawa kamar ta waƙoƙin finafinan Kano, ganga kuma ta na'ura ce; a ta biyu jitar tana ruri kamar hadarin Agusta, mai ganga na duka ba sassauci. Mawaƙin bai sake ba, harshensa ma bai sake ba. Abin da ya sake shi ne mutumin da ya zauna bayan na'urar ɗaukar sauti, wanda masu sana'ar ke kira furodusa, wato mai tsara faifai.

Aikin wannan mutum ya yi kama da na marini. Masaƙi ne ke kawo ƙyalle, amma marini ne ke yanke irin launin da zai shiga kasuwa da shi. Mai tsara faifai shi ke zaɓen waƙoƙin da za a ɗauka, shi ke cewa a ƙara sauri ko a rage, shi ke ɗaga sautin ganga ya danne na jita ko ya yi akasin haka, shi ne kuma ke da ikon ce wa mawaƙi ya sake rerawa har sau talatin. Sunansa yakan fito da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali, inda mai saye ba ya dubawa.

Misali sananne a ƙasashen Turawa shi ne na Mike Chapman, mutumin Ostireliya. A farkon shekarun 1970 ya yi suna a Ingila wajen tsara waƙoƙin rok ga su Suzi Quatro. A 1978 aka ba shi ƙungiyar Blondie ta birnin New York, wadda ta taso cikin masu kiɗan pank, wato kiɗan matasa masu fushi da zamani, mai gajerun waƙoƙi da sauri da ƙara, wanda ba ruwansa da ado. Cikin tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar akwai wata da suka daɗe da ajiyewa. Chapman ya sa aka fito da ita, aka ɗora ta bisa bugun na'urar ganga da salon disko, kiɗan gidajen rawa. Waƙar, mai suna "Heart of Glass", ta hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka a 1979. Wasu tsofaffin masoyan ƙungiyar sun ce ta sayar da mutuncinta don kuɗi, amma faifan ya kai ta gidajen da ba su taɓa jin sunanta ba.

Ba sai an je New York ba kafin a ga irin wannan, domin labarin Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine daga jahar Tawa, ya isa shaida. A 2008 ya tsallaka iyaka ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, "Anar". Masu ɗakunan ɗaukar sauti na can sun saba da waƙoƙin finafinan Hausa, saboda haka suka yi masa abin da suka iya: ganga ta na'ura, da kuma na'urar nan mai lanƙwasa murya. Sakamakon ya zama abin da ba a taɓa ji ba, waƙar Abzinawa cikin rigar Hausa. Ba wani kamfani da ya fitar da faifan a lokacin. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga salula zuwa salula, daga katin waya zuwa katin waya, har suka kai arewacin Mali, ba tare da ko dala ta shiga aljihun mai su ba.

A can Kidal ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya tsinci waƙar "Tahoultine" cikin wayoyin matasa. Ya sa ta cikin faifan da ya fitar a 2011 na waƙoƙin salulolin Sahara, ya kuma bi sawun mawaƙin har ya same shi. Hanyar Kirkley ta saɓa da ta Sakkwato. Shi ya fi son ya ajiye makirfo a tsakar gida ko a wurin biki, ya bar sautin yadda ya zo. Haka aka ɗauki "Afelan" a Cintabaradan, aka fitar da shi a 2013. A shekarar ce kuma kamfanin ya sake fitar da kaset ɗin Mamman Sani na 1978, kiɗan fiyanon lantarki da ƴan Nijar suka daɗe suna ji tsakanin shirye-shiryen radiyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba.

Hannu na uku shi ne na Mikey Coltun, ɗan yankin Washinton, wanda ya tashi cikin masu kiɗan pank. Shi ne mai kaɗa babbar jita a ƙungiyar Mdou Moctar, shi ne kuma ya tsara "Afrique Victime" na 2021 da "Funeral for Justice" na 2024, duka a kamfanin Matador. Ya lura da cewa kiɗan bukukuwan Agadas, da saurinsa da tsofaffin lasifikokinsa masu ƙara, ɗan uwan pank ne ko da ba su taɓa haɗuwa ba, don haka bai yi ƙoƙarin wanke sautin ba. An ɗauki na farkon a wurare dabam dabam lokacin da ƙungiyar ke yawon wasa, har da ɗakunan otel. Na biyun kuwa cikin kwana 5 a wani gida a jihar New York. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, da rufe iyakoki ya tsare mawaƙan a Amurka, sai suka sake ɗaukar waƙoƙin da jita maras lantarki, aka fitar da su a 2025 da sunan "Tears of Injustice". Waƙoƙin ba su sake ba, amma wanda ya ji faifan biyu zai rantse ba dangi ba ne.

To, ina abin ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati? Mai karatu ya ƙirga garuruwan: Sakkwato, Portland, New York. A ƙara da Nashbil, inda Dan Auerbach ya tsara wa Bombino na Agadas faifan "Nomad" a 2013. Kiɗan na Nijar ne, amma rinin da ɗinkin duk a waje aka yi su. Mutanen Maraɗi sun san wannan ciniki tun a kan fatar jar akuya, wadda ke fita ɗanya da araha, a jeme ta a Turai, ta zama jaka ko takalmi da mai akuyar ba zai iya saye ba. Ba a cewa baƙin nan sun ci amana. Sun yi aiki, kuma ba don su ba da ba a ji waɗannan mawaƙa a duniya ba. Sai dai wanda ya riƙe asalin faifai shi ke da ikon sayar da shi, kuma in ba a rubuta rabo a takarda ba, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na'ura ba ita ce matsala ba yanzu, tun da kwamfuta guda da makirfo biyu na yin aikin da a dā sai babban kamfani. Abin da ke da wuya shi ne kunnen da aka horar, da jarin da zai yi haƙuri. Alhazan da ke zuba miliyoyi a shinkafa da atamfa suna iya ɗaukar nauyin yaro guda ya koyi wannan sana'a, a cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai ko a wani wuri. Hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, wadda aka kafa tun 1995, ita ma aikinta ba zai cika ba sai mawaƙin ƙauye ya san da ita, ya kuma san yadda ake rajistar waƙa.

A yau akwai mai gurmi ko mai jita a karkarar Tagris da ke raba dare yana kiɗan biki, wayoyi goma na ɗaukarsa. Ranar da wani ya zo masa da na'ura, daga Kano ne ko daga Amurka, ya kamata ya tarbe shi da ruwa kamar kowane baƙo, sa'an nan ya yi masa tambaya uku kafin ya taɓa tsirkiya: wace riga za a sa wa waƙar, a hannun wa asalin faifan zai zauna, kuma nawa ne rabonsa a rubuce.

Allah ya ba mai sana'a amfanin guminsa.