Wanda Ke Riƙe da Mabuɗin Majami'a

A ƙauyukan Kirista da ke warwatse tsakanin Rogo da Karaye, har zuwa iyakar Katsina da Kaduna, idan ka isa majami'a da yammacin Laraba ka tarar da ita a kulle, da wuya a nuna maka gidan fasto. Sau da yawa ba ya garin, yana can wata ikkilisiya daga cikin waɗanda yake zagayawa a kan babur. Sai a ce ka jira wani dattijo ya taso daga gona, domin mabuɗin yana aljihunsa. Shi zai buɗe, shi zai ja addu'a, in kuma an yi rasuwa da dare, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

A ganina, wannan dattijo, da uwar da ke shugabantar Zumuntar Mata, da saurayin da ke koya wa yara karatu ranar Lahadi, su ne suka riƙe Kiristanci a ƙasar Hausa tun farkonsa. Mu kuwa 'yan boko da muka fito daga waɗannan gidaje mun fara mantawa da haka.

Tarihi ma haka ya nuna. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci ƙasar, gwamnatinsu ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, amma shekaru suka yi ta wucewa mabiyansa ba su taka kara sun karya ba. A 1913 ne wasu daga cikin Isawa, magadan koyarwar wani malamin Kano na ƙarni na 19 mai suna Malam Ibrahim, suka neme shi da ƙafarsu. Sai a shekarun 1930 aka bar mishan ɗin SIM ya kula da asibitocin kutare, irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. Baturen mishan yana tashar da aka yanka masa. Wanda ya shiga lungu da saƙo shi ne majinyacin da ya warke ya koma gida da iya karatu, da ma'aikacin ɗakin shan magani, da manomin da ya je cin rani ya dawo da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Ta bakin irin waɗannan ne saƙon ya shiga gidajen Maguzawa, daga wa zuwa ƙane, daga suruki zuwa suruki. Ko shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960 a kan wannan ya ginu: membobi su taru su yi addu'a, su fita biyu-biyu.

Abin yana da tushe a koyarwar addinin kanta. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa masu bi da tsanani ya warwatsa, waɗanda ba a ma ambaci sunayensu ba, su ne suka kai bishara Antakiya. Martin Luther ya kafa hujja a 1520 cewa duk mai baftisma yana da rabo a aikin firist, kuma a 1965 babban taron Vatikan na biyu ya fitar da takarda sukutum a kan aikin membobin da ba limamai ba. Ba sai an je Roma ba: a Malumfashi, nan kusa da mu, Katolika sun daɗe da cibiyar horar da katikis, kuma daga garin ne Bishop Gerald Musa ya fito, wanda aka naɗa wa sabon dayosis na Katsina a 2023.

To, mene ne shaidar bangaskiya a wuri kamar Rogo? A nan Kirista da Musulmi harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, sau da yawa kakansu ma ɗaya. Maƙwabcinka Musulmi mai yiwuwa ba zai taɓa jin wa'azin fastonka ba har ya koma ga Allah, amma ya san mudunka. Ya san ko kana cika alkawarin bashin taki idan kaka ta yi, ko kana fitowa gayya, ko matarka ta leƙo barka da aka yi haihuwa, ko ka zauna zaman makoki da aka yi masa rashi. Daga nan yake yanke hukunci a kan addininka, kamar yadda kai ma kake yanke hukunci a kan nasa. (Na sha jin an ce wa mutum “wane ai Kirista ne, ba ya ƙarya”, na kuma sha jin kishiyar haka, kuma duka biyun daga ciniki aka samo su.) Wannan shaida ba ta tilasta wa kowa, ba ta buƙatar lasifika, kuma tana barin ƙofar gaisuwa a buɗe ko da mutum bai karɓi saƙon ba.

Ba na cewa zaman lafiya lau ne kullum. A watan Afrilu na 2015 an ƙone majami'ar Baptis a Gidan Maso, cikin ƙaramar hukumar Rogo, har aka yi asarar rai, kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba da umarnin a sake gina ta. Amma bayan manya sun yi magana sun watse, waɗanda suka ci gaba da haɗuwa a bakin rijiya da kasuwa talakawan ɓangarorin biyu ne, kuma a hannunsu gyaran zumuncin ya rage.

Damuwata ita ce wata ɗabi'a da ke shigowa daga birni, inda ake mayar da fasto komai da komai, memba kuwa ɗan kallo mai kawo baiko. Mu da muke aiki a Kano da Kaduna da Abuja mun fi kowa laifi. Mukan aika kuɗin kwanon rufi ko na janareta, a karanta sunanmu ranar godiyar kaka, mu ɗauka mun sauke nauyi. Alhali abin da ƙauyen ya fi rasa shi ne mu kanmu: ma'aikaciyar jinya da za ta zauna da Zumuntar Mata a kan awon ciki, lauyan da zai duba takardun filin majami'a da na maƙabarta kafin rigima ta taso, malamin da zai ba da mako biyu na hutunsa ga 'yan aji shida.

Wani zai ce memba marar horo yana iya koyar da kuskure, ko ya furta maganar da za ta ta da fitina. Gaskiya ne, ya kuma faru. Sai dai maganin haka a horar da shi, kuma a nan ne fasto ya fi amfani. Faston da ya horar da mutum biyar su ja sujada ba ya nan ya fi wanda majami'a ke zama a kulle duk ranar da babur ɗinsa ya lalace. Dattijon nan mai mabuɗi ya tsufa, 'ya'yansa suna birni, kuma a ƙauyuka da dama har yanzu ba a ga wanda ya miƙo hannu zai karɓa ba.