AN CI MORIYAR GANGA

Jama'a, yau maganarmu a kan tsofaffin ma'aikatan asibiti ce. Ba manyan likitoci muke nufi ba, su suna da ƙungiya mai ƙarfi, in sun yi tari Abuja takan ji. Muna nufin mutanen nan da duk wanda ya taɓa jinya ya san su: mai shara, mai wankin zannuwan gado, mai tura keken majiyyaci, ungozoma, da malamin asibitin ƙauye, wanda shi ne likita, shi ne mai allura, wani lokaci ma shi ne mai gadi.

Abin da ya sa muka ta da zancen, kwanan baya wani dattijo ya zo ofishinmu, jikansa na riƙe da shi, wai a rubuta masa takardar koke. Shekara 32 ya yi yana aiki a ɗakin maza na wani asibitin gwamnati. Saura shekara 3 ya cika wa'adinsa, sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Abokan aiki suka yi masa karo-karo sau ɗaya, Allah ya saka musu. Daga nan aka kai shi gaban kwamitin likitoci, aka ce ba ya iya aiki, aka sallame shi. Albashi ya tsaya a watan nan, fansho bai fara ba, garatuti kuwa ko labarinsa. Yanzu in ya je asibitin nan karɓar magani sai ya bi layi ya yanki kati da kuɗinsa, yaron da ke ba da katin ma bai san shi ba. Mun rubuta masa takardar, ko da yake mun san inda irinta take kwana.

To, a sani abin da wannan bawan Allah yake nema ba sadaka ba ce. Tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara, a sashe na 173 domin ma'aikatan tarayya, da na 210 domin na jihohi, cewa ba a riƙe wa mutum hakkinsa na fansho da garatuti sai da dalili na doka. Ya kuma ce a riƙa sake duba fansho duk shekara 5, ko duk sa'ad da aka yi ƙarin albashi. An kai mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. Ku tambayi tsohuwar ungozomar unguwarku sau nawa nata ya motsa, alhali kuwa ita ma kasuwa ɗaya take ci da mu tun da aka janye tallafin mai a 2023.

A 2004 aka kawo sabon tsari, watau ma'aikaci ya zuba, gwamnati ta zuba, a ajiye masa a asusu da sunansa. Dokar 2014 ta sa shi kashi 8 cikin 100 na albashinsa, ta sa mai ɗaukarsa aiki kashi 10. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma ga jihohi nan da suka yanki kuɗin ma'aikaci ba su zuba ba. In ɗan kasuwa ya karɓi adashin mutane ya ƙi kwashe musu, kowa ya san sunan da ake kiransa da shi.

Kuma aikin nan ba irin na akawu ba ne da ke zaune bayan tebur. Zazzaɓin Lassa da aka gano a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, waɗanda ya fara kashewa aka sani ma'aikatan jinya ne na asibitin mishan. A 2014 Dakta Stella Adadevoh ta hana mai cutar Ebola fita daga asibiti a Ikko, ta ceci ƙasa, ta rasa ranta. Ita an san sunanta, kuma ta cancanta. Wanda ya wanke zanin mai tarin fuka shekara da shekaru fa, wa ya san nasa? Har zuwa ƙarshen 2021 alawus ɗin haɗari da ake ba ma'aikacin lafiya Naira 5,000 ne a wata, watau bai kai Naira 170 a yini ba. Assha! Ga kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ce a biya wanda ya ɗauki cuta ko ya ji rauni a bakin aiki. Leburan asibiti nawa aka taɓa karanta wa ita?

Za su ce babu kuɗi. Mun ji. Amma a 2013 wani jami'in fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifin cin biliyoyin Naira, kotu ta ba shi zaɓin tarar Naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta gyara hukuncin. A 2021 aka ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8, shi da aka naɗa domin ya gyara harkar fanshon. A Zamfara sai da tsohon gwamna ya rubuta takarda a 2019 yana neman Naira miliyan 10 ta kowane wata, kana majalisar jihar ta soke dokar da ta ba shi. Ashe mai shekara 8 a kan kujera an yi masa doka, mai shekara 35 yana kwashe aman mutane an ce ya je ya dawo.

Wani ɗan kasuwa zai ce, ina ruwanmu, mu da ba mu da fansho? Da ruwanka, ɗan'uwa. Tsohon nan shi ne mai bashin gero a rumfarka. Yarinyar da ta fara aikin nas bana kuwa tana kallon yadda aka yi da shi, gobe ko ta nemi hanyar Ingila ko Saudiyya, ko ta fara miƙa hannu a ba ta na goro kafin ta duba ɗanka. Ku kuwa a kasuwa kun san ƙa'ida: yaron da ya daɗe yana tsare wa ubangidansa shago, ran sallama jari ake ba shi, in ya kwanta ciwo ba a kulle masa ƙofa. Abin da ɗan tireda ya sani, bai kamata ya gagari mai digiri ba.

Saboda haka ga abin da muke nema. Kada a tsai da albashin kowa sai ran da fanshonsa ya fara. Wanda ya ƙare aikinsa a asibiti, a duba shi kyauta a asibitin nan, shi da matarsa, har ƙarshen ransa. Batun tantancewa kuma, a daina ɗauko gurgu da makaho daga ƙauye a shanya su a rana a bakin sakatariya. Masu tantancewar suna da mota, su bi su gida. A kuma buga sunayen masu jiran garatuti bi da bi a manna a bango, domin a daina tsallake na gaba a biya mai uwa a gindin murhu.

Duk wanda yake da tsoho irin wannan a gida, ya kawo mana takardar ɗaukarsa aiki da ta sallamarsa a ofis. Za mu haɗa su wuri ɗaya mu kai wa 'yan majalisar da kuka zaɓa, amsar da suka bayar kuwa za ku karanta ta a wannan shafi.