Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Wa Zai Gaya Mana Abin Da Ya Rushe Ginin?

Ya ku 'yan'uwa malamai da iyalanmu, a ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aƙalla mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya. Masallaci ne da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an lura da tsagewa a bango kwana ɗaya kafin aukuwar lamarin, har ana shirin kiran injiniyoyi. Ba a cika shekara ba, a ranar 12 ga Yuli, 2024, benen makarantar Saints Academy da ke Jos ya rushe a kan ɗalibai da malamansu, mutum 22 suka rasu.

Duk lokacin da irin wannan ya faru mukan yi salati, mu yi ta'aziyya, mu ce Allah Ya kiyaye na gaba. Hakan daidai ne, domin babu mai ja da ƙaddara. Sai dai malamanmu na addini sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Bayan an share hawaye, akwai tambayar da ke nan tana jiran amsa: me ya kawo haka? Amsa wannan tambaya sana'a ce mai zaman kanta, tana da masu ita, tana da hanyar da ake bi a kai gare ta. Ra'ayinmu shi ne, ƙasar nan na fama da ƙarancin irin waɗannan masana, kuma tushen samar da su yana hannunmu, mu malaman firamare, tun kafin ya kai hannun jami'a.

Injiniyan bin diddigi shi ne wanda ake kira bayan gini ya rushe, ko gada ta karye, ko madatsar ruwa ta ɓalle, ko gobara ta cinye kasuwa. Kafin a kwashe ɓaraguzai yakan kewaye wurin, ya ɗauki hotuna, ya auna, ya rubuta inda kowane abu ya faɗi. Yakan huda kankaren da ya rage, ya ciro guntu a kai ɗakin gwaji, a matse shi da inji har ya fashe, don a san ƙarfinsa. Yakan yanko rodi a ja shi har ya tsinke, ya haƙa ya duba harsashin ginin da irin ƙasar da aka ɗora shi a kai. Sannan ya ɗauko zanen da hukuma ta amince da shi, ya gwada da abin da aka gina, ya ga ko an ƙara bene a kan harsashin da aka yi domin hawa ɗaya. Daga ƙarshe ya rubuta rahoto, wani lokaci ya tsaya gaban alƙali ya kare kowace kalma. Da irin wannan aiki ne kotun binciken musabbabin mutuwa ta Legas ta tabbatar a 2015 cewa raunin gini ne ya rushe masaukin baƙi na cocin Synagogue a watan Satumba na 2014, inda mutum 116 suka mutu, bayan an yi ta yaɗa wasu zantukan na dabam.

Su wane ne waɗannan mutane, kuma daga ina suke fitowa? Abin lura na farko shi ne, da wuya a sami wanda ya fara da wannan aiki. Kusan kowannensu sai da ya goge a wata sana'a: injiniyan gine-gine, ko masanin ƙarafa, ko masanin kemistiri, ko likita, ko matuƙin jirgin sama. Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, likitanci ya karanta, ya haɗa da shari'a. Shi ake jingina wa ƙa'idar nan da ke cewa duk inda abu biyu suka haɗu, sai ɗaya ya bar alama a jikin ɗaya. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa muke da masu bin sawu, waɗanda kan duba ƙasa su faɗi ko saniyar da aka sata tana ɗingishi.

Akwai labarin da ya kamata kowane malami ya sani. A ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, mutum bakwai suka halaka, cikinsu har da malamar makaranta, Christa McAuliffe. A cikin kwamitin bincike akwai masanin fiziks Richard Feynman. A gaban jama'a da kyamarori, ya matse guntun robar da ke toshe mahaɗar rokar, ya tsoma cikin ruwan ƙanƙara, ya nuna cewa sanyi na hana ta komawa yadda take da sauri. An kuwa harba kumbon ne da safiyar da aka yi tsananin sanyi. Kofin ruwa da guntun roba suka isa kowa ya fahimci abin da ya faru. Feynman ya sha faɗin cewa mahaifinsa, wanda tallan kayan sarki ne sana'arsa, shi ya koya masa lura da abubuwa da tambayar dalilinsu tun yana yaro.

Mu dawo gida. A ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya faɗi a Abuja, ya yi ajalin mutum 96, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Masu bincike suka ɗauko na'urorin nan biyu, mai naɗar maganar matuƙa da mai naɗar bayanan tafiyar jirgi, suka haɗa da rahoton yanayi, suka gano cewa jirgin ya shiga iska mai sauya alƙibla farat ɗaya, matuƙan kuma ba su tunkare ta yadda ya dace ba. A 2010, yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da likitocin ƙungiyar MSF da masana gurɓatar muhalli suka auna jinin yara da ƙasar tsakar gida, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 sun rasu, amma gano dalilin ya sa aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka yi wa dubban yara magani. Mu kanmu ba mu manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Ikara da Makarfi da Kudan. Masana ƙwari ne suka tantance cewa tsutsar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai suna Tuta absoluta, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne, kuma cikin ganye take ɓuya, shi ya sa feshin da aka saba yi bai isa gare ta ba.

Abin da ke damunmu shi ne, ƙofofin wannan ilimi suna maƙwabtaka da mu, amma yaranmu ba su san da su ba. A Samaru akwai Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da tsangayarta ta injiniya. Jami'ar na da cibiyar binciken makamashi mai ƙaramin injin nukiliya da ya fara aiki a 2004, inda ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa ko dutse ko abinci. A Zariya akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama tun 1964, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta Basawa. A Makarfi kuma muna da makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris. Hanyar ba ɓoyayya ba ce: yaro ya ci lissafi da Turanci da fiziks da kemistiri a sakandare, ya ci JAMB, ya yi shekara biyar a karatun injiniya, ya yi hidimar ƙasa, ya yi wasu shekaru a ƙarƙashin ƙwararru, sannan ya yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya tun 1970. Hukumar kan yi wa masu difloma da masu sana'ar hannu rajista su ma, don haka ɗan magini da ɗan makaniki suna da nasu matakin. Daga nan sai cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI, ko hukumar binciken haɗurra ta NSIB, ko ɗakunan gwajin NAFDAC. Hanyar a buɗe take ga 'ya'ya mata: marigayiya Dora Akunyili, wadda ta yaƙi jabun magunguna daga 2001 zuwa 2008, harhaɗa magunguna ta karanta.

Wani zai ce, ina malamin da ke fama da yara masu yawa a aji ɗaya, ga ƙarancin alli, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, zai samar da masanin kimiyya? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ƙungiyarmu ba za ta daina fafutuka a kansa ba. Amma abin da aka fi buƙata daga gare mu ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Abu uku ne: lura, awo, da faɗin gaskiya. A sa 'yan aji biyar su buga ƙananan bulo biyu, ɗaya a riƙa ba shi ruwa har mako guda, ɗaya a bar shi a rana, bayan kwana 28 a gwada wanda zai fara farfashewa. A nan za su gane dalilin da ya sa ake ba gini ruwa. A jefa ƙusa a ruwa, wata a ruwan gishiri, wata a man gyaɗa, su riƙa rubuta abin da suka gani kullum. A tura su wurin masu yin mazarƙwaila su tambayo dalilin da ya sa ruwan rake ke tsami idan ya jima ba a dafa ba. In yaro ya tambaye mu dalili, kada mu ce masa ya cika surutu. Tambaya ai rabin ilimi ce, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na ukun shi ne mafi nauyi. Jarin mai bincike gaskiyarsa ce, domin sau da yawa rahotonsa kan taɓa mai kuɗi ko mai mulki. Yaron da ya saba kwafar amsa, ko ya ga an ƙara wa wani maki don mahaifinsa babba ne, idan ya girma zai sa hannu a kan abin da bai auna ba. Rajistar aji da takardar sakamakon jarrabawa su ne rahotannin farko da yaro ke gani a rayuwarsa. Idan ya ga muna rubuta abin da ya faru ba ragi ba ƙari, ya ɗauki darasin da babu jami'ar da za ta iya dasa masa daga baya.

Wani kuma zai ce, mene ne amfanin bincike a ƙasar da ake kafa kwamiti, a miƙa rahoto, a kulle a durowa? Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai maganinsa shi ne a matsa a fito da rahoton fili. Sufurin jiragen sama ya rage haɗurra a duniya ne saboda ana wallafa rahoton haɗari kowa ya karanta, kuma manufarsa hana maimaituwa. Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye, domin mu da yaranmu muke wuni a ƙarƙashin waɗannan rufi. Kowace farkon damina mukan ji guguwa ta yaye kwanon ajujuwa, a ce iska ce, a wuce. Ba a cika tambayar dalilin da ya sa ta ɗauke wannan rufi ta bar na kusa da shi ba: gara ce ta cinye katako, ko ba a ɗaure rafta da bango ba, ko ƙusoshi aka rage?

Saboda haka muna kira ga rassanmu na Ikara da Makarfi da Kudan su ɗauki matakai huɗu. Na ɗaya, kowace makaranta ta buɗe littafin lafiyar gini. Idan aka ga tsagewa, a yi alama da fensir a ƙarshenta, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata. Idan tana ƙaruwa, ko ƙofa ta fara cijewa, ko bango ya karkata, a fitar da yara nan take, a sanar da hukuma a rubuce. Na biyu, mu nemi hukumomin ilimi su sa injiniya mai rajista ya duba ajujuwa kafin faɗuwar damina, kuma a ba shugaban makaranta da kwamitin iyaye kwafin abin da ya rubuta. Na uku, duk inda aji ya rushe ko rufi ya yaye, ko da ba wanda ya ji rauni, a sa masanin da ba shi da alaƙa da ɗan kwangila ya binciko dalili. Na huɗu, sau ɗaya a shekara kowane reshe ya gayyato injiniya ko masanin ɗakin gwaji, musamman ɗan yankinmu, ya yi wa 'yan aji shida bayanin aikinsa da harshen da suke ji.

Ga iyaye kuma, muna roƙon ku bar yaro ya kwance tsohuwar rediyo ya ga cikinta, ku bar yarinya ta ci gaba da karatu idan kanta na ja a lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masanin da zai duba bangon masallatanmu da makarantunmu nan da shekara 20, ya ce a fita kafin a yi asara, yanzu haka yana zaune a wani aji a Paki, ko Gimi, ko Likoro, yana ɗaga hannu zai yi tambaya. Mu ba shi dama ya yi ta, mu kuma amsa masa da gaskiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu.