Jama'ar Unguwa, a Sa wa Lungu Ido

Masu gida da 'yan haya, iyayenmu mata, matasan majalisa, kiran nan naku ne. Duk ranar da aka ɗauke babur a ƙofar masallaci, ko aka tare yarinya da wuƙa aka ƙwace mata waya a hanyarta ta dawowa daga islamiyya, tambayar da ɗan sanda ke fara yi ita ce: wa ya gani? Sai a yi tsit. Wanda bai gani ba ya yi shiru, wanda ya gani ma ya kama bakinsa, don ya san yaron da ya aikata, ya san gidansu, ya kuma san ana iya belinsa kafin mako ya zagayo. Ba na ganin laifinsa, mai iyali ba ya son ya kwana da gabar 'yan daba. To, mu nemi mai shaidar da ba a yi wa barazana, ba ya gyangyaɗi, ba shi da ƙani a cikin waɗanda ake zargi. Kyamarar tsaro nake nufi, kuma lokaci ya yi da za mu daina kallonta a matsayin kayan banki da gidan attajiri.

A da, dattawan da ke zaune a dakali su ne idon unguwa. Baƙo ba ya ratsa lungu sau biyu ba a tambaye shi gidan wa yake nema ba. A sababbin unguwanni kuwa, katanga ta yi tsawo, kowa ya shige ya ja ƙyaure, tsakanin azahar da la'asar sai ka bi layi tun daga farkonsa har ƙarshe ba ka ga babban mutum ko ɗaya ba, sai yara. Ku tuna watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka dawo da yara 9 da aka sace a Kano aka kai Onitsha a jihar Anambra, wasunsu sun yi shekaru a can har sun manta Hausa. Ba ta sama aka bi da su ba. Ta layi aka wuce da su, ta gaban ƙofofin mutane.

Wani zai ce ai aikin hukuma ne. Haka ne, kuma kada mu daina matsa mata. Amma a 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro da kyamarori, musamman a Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne daga bankin Sin. An kafa turaku, an ɗora kyamarori da faifan sola, daga baya aka wayi gari majalisar tarayya na binciken dalilin da ya sa ba sa aiki. Idan babban birnin ƙasa ya ga haka, yaushe layi zai zo kan lungunku?

Waɗanda suka riga suka saka kyamara a gidajensu sun kyauta, sai dai yawanci kowa ƙofarsa kawai ya tsare. Ɓarawo ya bayyana a hotonka na daƙiƙa 5, ya sha kwana, shi ke nan labari ya yanke. Da a ce akwai wata a bakin lungu, wata a mahaɗar hanya wajen mai shayi, wata a inda layin ya faɗa titi, da an ga ta inda ya shigo, da wanda ya sauke shi, da lambar adaidaita sahun da ya jira shi. Kyamara 4 da aka yi shawara kafin a kafa su sun fi 20 da kowa ya kafa don kansa. Saboda haka kafin a sayi komai, a ɗauki takarda a zana unguwar: ta ina ake shiga, ta ina ake fita, ina kangon da ake ɓuya, ina duhu ya fi yawa. Matasa sun fi kowa sanin wannan, a tambaye su. A tambayi mata ma, su ne ke gida lokacin da maza suka watse kasuwa da ofis, su suka san sawun da ba na unguwa ba.

Kayan ba su da wuyar fahimta kamar yadda masu sayarwa ke nunawa. Akwai kyamarorin kansu, akwai akwatin da ke naɗar hoto, wanda masu sana'ar ke kira DVR ko NVR, akwai faifan ajiya a cikinsa, sai kebul. Nau'in da kebul ɗaya ke kai wuta ya kuma dawo da hoto ya fi sauƙin faɗaɗawa, amma a sani tsawonsa ba ya wuce mita 100 sai an sa wata na'urar a tsakani ta ƙarfafa shi. Ko da kyamara 4 za ku fara, ku sayi akwati mai baki 8, don maƙwabcin da ya noƙe yau zai zo da kansa ranar da aka hauro masa. Faifai mai terabait 1 yakan riƙe hoton kyamara 4 na wajen kwana 10 zuwa mako 2, gwargwadon kyan hoton, daga nan sabo ya hau kan tsoho. Ma'ana, idan abu ya faru, a cire hoton a ranar, kada a ce sai an dawo daga tafiya. Kuma naɗar hoto ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. Data sai in kana son ka leƙa ta wayarka daga nesa. Inda kebul ba zai kai ba, akwai masu ɗan faifan sola da layin waya da katin ajiya a jikinsu, suna rufa asiri, ko da yake batirinsu kan gaza idan hadari ko hazo ya jera kwanaki.

Maganar wuta kuwa, a nan ake yin ta ko a bar ta. Ɓarawo da ɗaukewar wuta tare suke zuwa. Wanda ya jona kyamara da wutar NEPA kaɗai ya sayi abin ado ne. Abin daɗin shi ne ba su da ci: kyamara 4 da akwatinsu ba su kai fankar sama ɗaya shan wuta ba. Batir guda mai kyau da faifan sola sun isa, da sharaɗin a keɓe musu su kaɗai. Ranar da aka fara cewa bari a ɗan sa cajin waya, gobe a jona talabijin saboda ƙwallo, to ƙarfe 2 na dare zai yi batir ya mutu. A sa abin kare tsawa kafin damina. Akwatin naɗar kuma a ɓoye shi inda iska ke shiga, don zafin Afrilu na kashe faifai, kuma ɓarawon da ya san ta kan aikinsa akwatin yake fara nema.

Kada a rataye kyamara can ƙololuwa don tsoron jifa. Idan ta yi sama da yawa, hula da rawani kawai za ta riƙa nuna muku. Kimanin mita 3 ya isa, a karkata ta yadda za ta kama fuskar mai tahowa, kuma kada ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta. Ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo kan mayar da hoton dare fari fat, tsumma mai laushi ne maganinsu. A daidaita agogon akwatin, don hoton da ke nuna kwanan watan da ba shi ba, lauya zai yi wasa da shi a kotu.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi wa juna gaskiya. Gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama. A tsakar gida mata ke girki da wanki da kitso, ba lulluɓi, wani gidan ma banɗakinsa ba rufi. Mai bene da ya ɗora kyamara mai juyawa a saman gininsa, idan bai ji tsoron Allah ba, ya buɗe asirin gida 5 a lokaci guda, kuma hoton na shiga wayar duk wanda ke da lambar sirri, har da ɗansa saurayi da yaron da ya zo haɗawa. Addininmu ya hana leƙen asirin mutane, Suratul Hujurat ta faɗa ƙarara, Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani ba izini. Ido da aka aika ta saman katanga shiga ne. Don haka dokar unguwa ta farko ita ce: kyamara titi take kallo da ƙofa, ba ta tsallaka katangar kowa. Ranar kafawa a kira maƙwabci a nuna masa allon, ya ga da idonsa iyakar abin da take ɗauka. Yawancin na'urorin suna da hanyar shafe wani sashe na hoton ya zama baƙi, a sa mai haɗawa ya yi haka a gaban kowa. A cikin gida ma, soro da bakin ƙofa da wajen ajiye mota sun wadatar. Wanda ya kai kyamara ɗakin kwana don ya tsare matarsa, matsalarsa ta wuce ta na'ura.

Lambar sirrin da kaya suka zo da ita daga kamfani, a canza ta a ranar, bayan mai haɗawa ya tattara kayansa ya tafi. A 2014 an gano wani shafin intanet da ke nuna hoton kyamarori sama da dubu 70 kai tsaye daga ƙasashe daban-daban, har da na cikin ɗakuna, don kawai masu su ba su canza lambar ba. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta wannan ƙofar ta mamaye dubban kyamarori da akwatunan naɗa, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Lambar ta unguwa ta tsaya a hannun mutum 2 ko 3 da jama'a suka yarda da amanarsu, da sanin mai unguwa.

Idan an samu hoto, wurin 'yan sanda za a kai shi, tare da mai unguwa. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi abin da na'ura ta naɗa idan an cika sharuɗɗa, ciki har da bayanin yadda na'urar ke aiki. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a watsa hoto mai dishi-dishi a WhatsApp a ce ga ɓarawo. Fuska kan yi kama da fuska, kuma taron da ya fusata ba ya tsayawa tambaya. Mu da aka kashe mana mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 bisa zargi kawai, bai kamata a koya mana illar ɗaukar doka a hannu ba.

Ban ce kyamara za ta kama muku ɓarawo ba. Ba ta da hannu, kuma mai rufe fuska zai rufe. 'Yan sintiri na nan da aikinsu, ƙwan fitila a bakin lungu na nan da nasa, kyamarar ma ta fi gani idan akwai haske. Amma tafiyar mutum da tsayinsa da babur ɗin da ya hau ba sa ɓuya a bayan ƙyalle, kuma da ɗan gari akan ci gari: wanda ke nuna wa ɓarayi gidan da za a shiga shi zai fara shiga taitayinsa.

Ku tashi, jama'a. Liman ya yi sanarwa, mai unguwa ya kira taro a wannan makon. A yanka wa kowane gida abin da zai iya, a ɗauke wa gwauraye da marayu, mai hali ya ƙara, masu shago a bakin titi su ba da bango da inuwa. A rubuta kuɗin shiga da na fita a manna a ƙofar masallaci. A ware na gyara tun yanzu, don batir na tsufa, faifai na mutuwa. In layinku ya kammala, ku taka zuwa layi na gaba ku nuna musu yadda kuka yi, ku karɓi lambar wayar mai riƙe da nasu akwatin. Sannan a naɗa matashi ɗaya, a riƙa ba shi ɗan abin sabulu, aikinsa duk Juma'a ya goge gilasai, ya duba batir, ya koma kan hoton daren jiya ya tabbatar an naɗa.