Darasin Sarrafa Na'ura Ba Na Hadda Ba Ne

Wani abin takaici da ya zama ruwan dare tsakanin 'yan uwa ɗalibai masu karatun injiniyan lantarki shi ne yadda suka mayar da darasin sarrafa na'ura, wato kwantirol, tamkar dodo. Da malam ya shiga lissafin Laplace sai gaba ya faɗi, a koma hadda, a zazzage ranar jarrabawa, a fito ba a san abin da aka rubuta ba.

Alhali kuwa asalin maganar ba wuya: na'ura ta auna abin da take fitarwa, ta gwama shi da abin da ake so, ta gyara kanta. Haka ƙwallon da ke cikin tankin ruwa yake yi, ruwa na cika ya taso ya toshe famfo. Haka dutsen guga, haka sitabilaiza. Kuma ba yau aka fara ba, don 'ya'yan Musa bin Shakir su uku sun bayyana irin waɗannan dabaru a Bagadaza tun ƙarni na 9, cikin Kitabul Hiyal.

To, ina amfanin lissafin? Amfaninsa shi ne, gyara in ya yi yawa ko ya makara, ɓarna yake zama. Wa bai taɓa jin janareta yana hawa yana sauka ba, ƙwai na haske yana dushewa? Abin da makanikai ke kira gwamna ne ke zarcewa wajen ƙara mai, sannan ya zarce wajen ragewa. Irin wannan rawar ce ta sa Maxwell ya yi rubutu kan gwamnan injin tururi a 1868, Nyquist kuma a 1932 ya fito da hanyar gane ko na'ura za ta natsu tun kafin a haɗa ta. Wutar Nijeriya ma dole a riƙe ta kusa da zagaye 50 a daƙiƙa. In ta kauce da yawa, injinan tashoshi irin su Kainji sai su fice, ƙasa ta auka duhu.

Wasu za su ce ai ɗakin gwaji ba kayan aiki. Ko da haka ne, uzurin ya yi rauni yanzu. Manhajar Scilab kyauta ce. 'Yan uwa uku na iya yin karo-karo su sayi Arduino da ƙaramin injin juyi, su riƙa ƙara ƙarfin gyaran kaɗan-kaɗan har injin ya fara rawa a gabansu, sannan su koma takarda su nemo dalili. Wanda bai samu haka ba, ya je ya zauna wajen mai gyaran janareta na unguwarsu ranar Asabar, da littafinsa a hannu.